Rasuwar Ajudan, Mai Kulle Ƙofofin Motar Idrisa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ido ɗaya a buɗe yana duban fuskokin masu zuwa gaisuwa, Malam Idrisa direba na bayan tasha a garin Tanut yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da fasinjojin hanyar Belbeji, da mutanen rijiyoyin kwarin Tarka, rasuwar Ajudan, ƙararrawar tsaron da ke cikin farar motarsa kat-kat. Ajudan ya cika ranar Juma'ar da ta wuce, tsakanin hawan liman mumbari da sallamewa, yana da shekara biyu da wata uku a bakin aiki. Ana roƙon jama'a su riƙe wannan lokacin a ransu, don za a dawo kansa.

Wanda bai san hanyar nan ba sai an yi masa bayani kafin ya gane girman mamacin. Tun kafin Idrisa ya fara riƙe sitiyari, motar da ke bin rijiyoyi ba a kulle ta. Ranar kasuwar Belbeji direba zai ajiye ta a gindin aduwa ya tafi shan shayi, makulli a jikinta, domin makullin da ya faɗa cikin rairayi ya tafi ke nan. Mai saƙo kuwa ba ya neman direba. Buɗe ƙofa yake yi, ya ajiye ƙunshinsa a kan kujera, ya tafi harkarsa. Zaren da aka ɗaure ƙunshin da shi ne yake faɗin daga inda ya fito: baƙi na mashekarin makiyayan gabas, fari na mutanen tudu, ja na rijiyar su Zakari. Direba ya dawo ya dubi zare, ya san gidan da zai sauke. Shekara ashirin Idrisa yana haka, ko allura ba ta ɓata ba.

Zakari makiyayi ne, kuma ba baƙo ba ne a gidan su Idrisa. A wata shekarar fari mahaifiyarsa ta kwanta ciwo, Inna, mahaifiyar Idrisa, ta ɗauke shi ta shayar da su tare. Tun daga ranar da ya mallaki saniyarsa ta farko, duk kasuwa sai ya aiko wa Inna cuku, ɗaure da jan zare. Wata ranar kasuwa Idrisa ya dawo gida, Inna ta tambayi cukunta, ya ce yau babu. Mako ya zagayo, Zakari ya ce shi fa ya ajiye, guda goma sha biyu, da hannunsa, a kujerar baya. Idrisa ya ce bai gani ba. Zakari ya rantse. Idrisa ya kwana biyu yana juya maganar, ya ga hanya biyu ce kawai: ko dai ɓarawo ya fara bin motarsa, ko kuma Zakari bai ajiye komai ba, so yake ya zubar masa da mutunci gaban uwarsa. Da ya kasa zaɓar ɗaya, sai ya riƙe duka biyun. A wurin mai shayi na Belbeji, gaban mutane sun fi goma, ya ce akwai masu cewa sun ajiye abin da ba su ajiye ba. Bai ambaci suna ba. Zakari ya ajiye kofinsa da rabin shayi a ciki ya tashi.

A cikin wannan makon aka haifi marigayi.

Dado mai gyaran wutar mota ne ya karɓi haihuwarsa, ya kuma kwana uku yana fama. Ya ɓalle murfin ƙofofi huɗu, ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari da 'yar fitilar gwaji a baki, yana taɓa waya ɗaya bayan ɗaya har ya gano waɗanda ke kai umarni ga makullan ƙofa. Ya ce motar da ƙararrawar ba irin wuta ɗaya suke ji ba, sai an sa musu tafinta a tsakani, ya ɗaura wasu 'yan baƙaƙen akwatuna biyu da ake kira rele. Daga nan waya uku suka zama rayuwar Ajudan: ja mai kawo masa wuta daga batir, koriya mai cewa ƙofa ta kulle, shuɗiya mai cewa ta buɗe. A gwajin farko an danna kulle sai ƙofofi suka buɗe, an danna buɗe sai suka kulle. Dado ya ce musayar waya ce, abin minti biyu. Idrisa ya ajiye wannan a ransa, kuma har yau yana nan inda ya ajiye shi. Da aka gama, Dado ya gaya masa cewa irin wannan na'urar tana da wata ɗabi'a: in aka rufe ƙofa aka yi daƙiƙa talatin, kulle kanta take yi ba wanda ya sa ta. Ya tambaya ko ya kashe wannan ɗabi'ar, tunda motar daji ce. Idrisa ya ce saboda ita ma ya kawo ta.

Wani tsohon soja da ke zama a tasha ne ya raɗa masa suna. Ya ji ƙyuk-ƙyuk, ya ga ƙofa huɗu sun amsa ƙarap a lokaci guda, ya ce rabonsa da ganin irin wannan biyayya tun ajudan ɗinsu na bariki.

Marigayi ya kasance mai tsayuwa kan aikinsa, marar son kai, wanda bai taɓa yarda da kowa ba. Wannan ita ce babbar shaidar da Idrisa yake yi masa. Bai bambanta babba da yaro ba, bai bambanta mutum da dabba ba. Ya yi wa jakin mai ruwa ihu. Ya yi wa tsawa ihu. Ya yi wa jandarman shinge ihu ranar da ya jingina da ƙofa yana duba takardu, har sai da aka ƙara musu awa guda a rana. Limamin unguwa ya dafa motar zai cire ƙaya daga takalminsa, Ajudan ya tara masa jama'a. Murya shida gare shi, yana jera su ɗaya bayan ɗaya ba ya tsallake ko guda: wiii-wiii, sai tuuu-tuuu, sai wata mai kama da kukan ɗan akuyar da aka taka, har zuwa ta shidan wadda karnukan bayan tasha suka haddace suna raka shi. Ramatu, uwargidan Idrisa, in ta sa taɓarya a turmi sau uku, na huɗu da Ajudan take dakawa. Sai da ta kwashe turminta ta kai gidan maƙwabta. Idrisa ya ce wannan ba laifin ma'aikaci ba ne, ƙasa ce take motsi, shi kuma an ɗauke shi ne don ya ji motsi.

A shekara biyu da wata uku ba a saci komai a motar ba. Mahassada suna cewa ai ba a ajiye komai ba ne, kuma iyali ba za su ɓoye cewa akwai ƙanshin gaskiya a maganar ba. Mai saƙo ya zo gindin aduwa ya ja ƙofa ya ji ta gam, ga wata 'yar jar fitila tana ƙyafta masa ido. Dole ya bi rumfa rumfa yana cigiyar direba, ya tsaya a kansa, a danna masa a buɗe, ana kallon hannunsa. Wani dattijo mai rawani ya ce shi a rayuwarsa ba a taɓa ce masa ɓarawo da ƙarfe ba sai bana. Baƙin zare ya fara raguwa, fari ya bi shi. Duk suka koma motar Ila, wata tsohuwar akwala da ko marfin baya ba ta da shi. Idrisa ya ce duk wanda kulle ya dama, shi ya san abin da ya zo yi.

Ba za a rufe tarihin marigayi ba sai an ambaci ranar rijiya, ko da yake Idrisa ya so a tsallake ta. Rana tsaka ce, a rijiyar su Zakari, raƙuma kusan arba'in sun jeru a kwami suna sha. Idrisa ya sauko zai zuba wa mota ruwa. Hannu ya yi abin da ya saba shekara ashirin: ya bar makulli a jiki, tare da ɗan maɓallin dannawa da ke rataye da shi, ya turo ƙofa. Fasinjoji duk sun sauka neman inuwa. Daƙiƙa talatin. Ƙarap. Ana cikin kallon kallo sai wani amalen raƙumi ya ga gefen mota ya yi daidai da wuyansa, ya matso ya fara susa. Ajudan ya buɗe murya ta farko. Kafin ya kai ta uku babu raƙumi ko ɗaya a kwami, wanda ke jan igiyar rijiya ma ya yi gabas da igiyar da wasakin, wato gugan fata, gaba ɗaya. Maɓalli na biyu yana Tanut cikin kwallar Ramatu, sai da aka tashi mai babur. Zakari ya shimfiɗa wa fasinjoji tabarma, ya ba su nono, ya yanka musu ɗan akuya. Abin da ya ce kawai shi ne, ajudan ɗin Idi adali ne, tunda har mai gidansa bai yarda da shi ba. Sannan ya ɗauki sanda ya bi sawun dabbobinsa, kwana biyu yana tattarawa.

Daga ranar jan zare ya ɗauke ƙaf. Zakari in ya shigo Tanut ba ya taka gidan. Sai dai ya tsaya a bakin lungu ya aika a gaishe da Inna. Ita kuwa Inna, da yake Idrisa ɗan fari ne ba ta kama sunansa, Mai Mota take ce masa. Ba ta taɓa yi masa faɗa a kan maganar ba. Ta dai daina zama a gidan gaba na motar, ta ce ba ta son kujerar da ake kulle ta a kai.

Ciwon ajali ya soma ne a daminar bana, bayan motar ta ratsa ruwa a kwarin Tarka. Muryar Ajudan ta dishe. Sai ya riƙa kulle ƙofofi yana buɗewa shi kaɗai, ƙarap-ƙarap, ƙarap-ƙarap, kamar mai rawar sanyi. Sau uku Dado yana zuwa gida duba shi. A nan iyali suke miƙa godiya ta musamman ga Inna, wadda duk zuwan Dado sai ta dama masa fura, ta jawo tabarma har bakin ƙofar mota, ta zauna tana tambayarsa jikin mai jiki. Wace jijiya ce wannan? Ita wannan koriyar me take yi? In jar nan ta tsinke fa? Dado yana nunawa yana bayani, don bai taɓa samun mai sauraronsa haka ba. Idrisa ya tsaya daga nesa yana kallo, har ƙwalla ta taru masa, ya ce ashe tsohuwa ta sauko. A zuwa na uku Dado ya busar da rele, ya canza guda, ya ce mara lafiya ya miƙe, zai yi shekara goma nan gaba.

Bai yi kwana goma ba.

Idrisa ya dawo daga masallacin Juma'a, motar tana tsakar gida inda ya bar ta. Ya danna. Shiru. Ya matsa kusa ya danna. Shiru. Ya ja ƙofa, ta buɗe masa salin alin, 'yar jar fitilar nan ta rufe ido. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, abin da ya gani ya sa shi zama a ƙasa da farar rigarsa. An yanke ja. An yanke koriya. Shuɗiya, mai buɗewa, ba a taɓa ta ba. Yankan na wuƙa ne, a karkace, shara ɗaya. Kuma wanda ya yi bai bar bakin wayoyin suna reto ba, ya ƙulle kowanne da wani irin ƙulli mai kyau, irin wanda ake ɗaure wasaki da shi a bakin igiyar rijiya, wanda in ka ja shi ƙara kamawa yake yi. Mutumin gari bai iya wannan ƙullin ba.

Don haka Malam Idrisa ba ya son a riƙa ce masa ruwa ne ya kashe shi. Ruwa ba ya ƙulli.

Ya fara da Dado, tunda shi ya san jijiyoyin. Amma Dado da filaya yake yanka, ya naɗe da baƙin salatif, kuma duk Tanut an shaida bai taɓa barin aiki tsaf haka ba. Ya koma kan Ramatu. Ta ce in da ita ce, da taɓarya za ta yi, kuma da rana tsaka gaban shaidu. Ya duba Ila. Ila a sahu ɗaya suka yi salla, kafaɗa da kafaɗa, amma Idrisa yana ganin mutum bai cika matsowa kusa da kai haka ba sai da dalili. Sai wani ya kawo labarin cewa an ga Zakari a gari ranar, ya kawo rago, kuma ba wanda zai iya rantsuwa ya gan shi a masallaci. Makiyayi, mai wuƙa a ɗamara, mai ƙullin rijiya, mai tsohon haushi. Idrisa ya ji komai ya zauna daram. Iyali ba za su ɓoye ba: rubutun farko na wannan sanarwa da sunan Zakari a ciki, kuma an shirya Litinin za a kai ta ofishin jandarma.

Ranar Asabar aka kira Dado ya fitar da gawa. Ya kwance ɗan akwatin daga ƙarƙashin sitiyari, ya bi wayoyin da suka nufi ƙofofin baya, ya ce sai an ɗaga kujera. Aka kwance ƙusoshi huɗu aka ɗaga. A can cikin lungun da ke tsakanin kujera da bangon mota, ga wani ƙunshi ya lotse, ya yi baƙi, da jan zare.

Idrisa ya kwance shi da kansa. Cuku ne, ya bushe ya zama kamar katako. Ya jera su a kan bonet, goma sha biyu. Abin da ya fara zuwa masa shi ne an cusa shi ne cikin makon nan don a wanke wani. Ya shinshina, ya ƙwanƙwasa, ya duba ƙyallen. Sai Dado ya nuna masa, cikin ƙaramar murya, cewa wayarsa ta shekara biyu da wata uku a kan ƙunshin ta bi, har salatif ɗinsa ya kama gefen ƙyallen. Ya ce shi a lokacin ya ɗauka soson kujera ne. Idrisa ya dube shi tsawon lokaci. Wannan ma ya ajiye a ransa, kusa da waccan ta musayar waya.

Inna ce ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da wani farin buhun sukari wankakke, ta ce ba a barin mamaci a tsirara. Ta sa Ajudan a ciki, da rele ɗinsa biyu, ta tattara bakin buhun, ta zagaya igiya, ta soka, ta ja. Idrisa ya dubi ƙullin. Ya sake dubawa. Sai a lokacin ya tuna cewa Inna a bakin rijiya aka haife ta, ta ja wasaki shekara da shekaru kafin a kawo ta gari. Ya kuma tuna cewa ranar Juma'a, tsakanin hawan liman da sallamewa, babu namiji ko ɗaya a gidajen Tanut.

Inna ta miƙa masa buhun ta ce, “Ja ka gani, Mai Mota. Ba ya kwancewa.”

Bai ja ba.

Bisa haka, iyali suna sanar da cewa bayan dogon bincike an tabbatar Ajudan ajalinsa ne ya zo. An rufe magana. Duk wanda ya zo gaisuwa ya tambayi wane ne, za a ba shi ruwa ya sha a nuna masa hanya.

Marigayi ya rasu ya bar maɓallan dannawa biyu, ɗaya a jikin makulli, ɗaya a kwallar Ramatu, dukansu yanzu marayu. Ya bar jiniya mai murya shida, wadda Ramatu ta ce in ta kwana a gidan ita ba za ta kwana ba. Ya bar ƙofofi huɗu da ba su da mai ba su umarni, da shuɗiyar waya ɗaya lafiya lau, da karnukan bayan tasha da tun Juma'a suke daga kunne ba su ji komai ba. Ya bar Malam Idrisa, wanda har yanzu in ya taka taku goma daga mota sai babban yatsansa ya danna iska.

An tuntuɓi limamin unguwa kan salla, ya ce babu, ya ƙara da cewa ko da akwai shi ba zai samu zuwa ba. Saboda haka za a binne marigayi ba salla, ranar kasuwar Belbeji mai zuwa da hantsi, a gindin aduwar da motar take tsayawa. Dado ne zai haƙa. Ana roƙon wani ya tsaya a kansa.

Daga nan za a wuce wurin mai shayi. Ana gayyatar duk wanda yake zaune a wurin ranar da Idrisa ya yi maganar masu cewa sun ajiye abin da ba su ajiye ba, ya dawo ya zauna inda ya zauna. Za a jera cuku goma sha biyu a kan tebur, kuma Idrisa zai yi wata maganar, wannan karon da suna. An aika wa Zakari ta bakin Ila. Har zuwa rubuta wannan sanarwa bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Ya dai tambayi Ila ko Inna za ta je, aka ce masa a gidan gaba za ta zauna.

Zaman makoki yini ɗaya ne. Motar za ta kasance a gindin aduwa, makulli a jikinta, kujerar baya an share ta an toshe lungun. Mai baƙin zare, da mai fari, da mai ja in Allah ya kawo shi, ba sai ya nemi direba ba. Idrisa zai zauna wurin shayi ya ba motar baya, kuma ya yi wa Inna alkawari ba zai waiwaya ba har la'asar. Ramatu ta ce zai waiwaya. Ana roƙon jama'a, in ya waiwaya, su yi kamar ba su gani ba.